Tarihi a Jikin Ƙarfe: Maƙeran Kayan Jirgin Ƙasa da Sassan da Suka Ƙera

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce waiwaye adon tafiya. Idan ana maganar tushen tarihi, ɗalibi ya fi sabawa da abu biyu, wato abin da aka ji daga bakin magabata da abin da aka tarar a rubuce cikin takardu. Akwai tushe na uku da ba a cika kulawa da shi ba, shi ne kayan aikin da mutanen da suka bari. Daga cikin irin waɗannan kaya, kaɗan ne suke ɗauke da bayani ƙarara kamar ƙarafan jirgin ƙasa, domin kamfanonin da suka ƙera su sun saba buga sunansu da na garinsu da shekarar ƙira a jikin kusan duk abin da ya fito daga masana'antunsu.

Wannan babi zai yi bayanin yadda jirgin ƙasa ya shigo Arewacin Nijeriya, da kamfanonin da suka ƙera sassansa, da aikin kowane sashe, da kuma yadda ake karanta tambarin da ke jikin ƙarfe domin a gano asalinsa. Daga nan za a duba yadda waɗannan ƙarafa suka kai garuruwan da jirgi bai taɓa takawa ba, kamar Boɗinga da Shagari a Jihar Sakkwato. An bar sunayen kamfanoni da na garuruwan masana'antu yadda ake rubuta su a jikin ƙarfe, domin mai bincike ya gane su idan ya gan su.

2.0 Shigowar Jirgin Ƙasa Arewa

An fara shimfiɗa hanyar jirgi daga Legas a shekarar 1896, ta isa Ibadan a 1901. A Arewa kuwa, abin da aka fara gani shi ne wata 'yar gajeriyar hanya da Gwamna Lugga ya sa aka shimfiɗa a 1901 tsakanin Wushishi da Zungeru, domin kwaso kayan gwamnati daga bakin kogin Kaduna zuwa hedikwatarsa. Faɗin wannan hanya ƙafa 2 da inci 6 ne kacal.

Babban aiki ya soma ne a 1907, lokacin da aka naɗa Sir Percy Girouard ya shugabanci Arewa. Shi injiniyan soja ne ɗan asalin Kanada, wanda ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa hanyar jirgi a hamadar Sudan. A zamaninsa aka ɗauko hanya daga Baro, a gaɓar kogin Kwara, aka nufo Kano, tafiyar mil 356. Duk ƙarfen da aka yi aikin da shi ta ruwa ya zo: daga Ingila zuwa bakin teku, daga nan a ɗora shi a jiragen kogi su hauro da shi Baro lokacin da ruwa ya cika. Dogo ya isa Kano a 1911, kuma a 1912 aka haɗe hanyar Legas da ta Baro zuwa Kano ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Ƙarfin talakawa ne ya yi wannan aiki. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗebo mutane daga ƙauyuka, suna sare daji, suna haƙa, suna ɗaukar ƙasa a kwando. Shi ne abin da aka sani da aikin diga, wanda Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi wa waƙarsa mai suna Waƙar Diga.

Bayan babbar hanya sai rassa. An shimfiɗa ƙaramar hanyar Bauci daga Zariya zuwa ƙasar Jos tsakanin 1911 da 1914 saboda kuza, aka rufe ta a 1957. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Na Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930, sannan na Barno ya isa Maiduguri a 1964. An sha yin maganar ƙarasa reshen Gusau zuwa birnin Sakkwato, amma ba a yi ba. Saboda haka Gusau da Ƙauran Namoda suka zama ƙofar jirgi ga dukkan tsohon Lardin Sakkwato.

3.0 Yadda Ake Sayo Kayan

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta zuwa kasuwa da kanta. Akwai wani ofishi a Landan mai suna Crown Agents wanda yake yi wa ƙasashen da Birtaniya ke mulka sayayya. Hukumar jirgi a Nijeriya takan aika da bukatarta, injiniyoyi masu ba da shawara su zana siffar abin da ake so da nauyinsa da irin ƙarfensa, sannan a nemi kamfanoni su faɗi farashi. Kafin a ɗora kaya a jirgin ruwa sai sufeto ya je masana'anta ya gwada su. Wannan tsari shi ya sa kusan duk kayan jirgin Nijeriya, tun daga farko har zuwa shekarun 1950, na Birtaniya ne. Shi ya sa kuma kamfani ɗaya ba ya yin komai da komai. Mai murza dogo daban, mai ƙera kan jirgi daban, mai yin birki daban, mai yin sikeli daban.

4.0 Sassan Jirgi da Maƙeransu

4.1 Dogo

Dogo shi ne miƙaƙƙen ƙarfen da ƙafafun jirgi ke gudu a kansa. Idan aka yanka shi aka dubi bakinsa za a ga sassa uku: kai, wanda ƙafar jirgi ke takawa, ƙugu, wato siririn tsakiya, da kuma gindi mai faɗi wanda ke zama a kan matashi. Da farko da baƙin ƙarfe mai taushi ake yin sa, yana saurin cinyewa. A 1856 wani Bature mai suna Henry Bessemer ya fito da dabarar hura iska cikin narkakken ƙarfe domin ta ƙone dattin da ke ciki, aka sami ƙarfe mai ƙwari da araha. Daga nan ne manyan masana'antun dogo suka bunƙasa a Birtaniya.

Fitattu daga cikinsu su ne Barrow Haematite Steel a garin Barrow, da masana'antun garin Workington, da Bolckow Vaughan da Dorman Long a Middlesbrough, da kuma masana'antun Dowlais da Ebbw Vale a yankin Wales. Daga irin waɗannan wurare ne ƙasashen mulkin mallaka suka riƙa samun dogonsu. Ana auna dogo da nauyin yadi ɗaya nasa. A Nijeriya an fara da marar nauyi, kamar mai laba 45 a yadi, daga baya aka riƙa musanya shi da mai laba 60 da mai laba 80 a manyan hanyoyi, yayin da kawunan jirage suka ƙara nauyi. Tazarar da ke tsakanin dogo biyu a tsohuwar hanyar Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ce, wato milimita 1,067. An zaɓi wannan ƙunci ne domin ya fi araha, kuma ya fi sauƙin shan kwana.

4.2 Silifa da Maɗaurai

Silifa ita ce matashin da ake gindaya wa dogo a gicciye domin ta riƙe tazararsa, ta kuma rarraba nauyin jirgi a kan tsakuwa. A Turai da katako aka fi yin ta. A ƙasar Hausa kuwa gara ba ta barin katako, ga kuma gobarar daji, don haka aka fi amfani da silifar ƙarfe, wadda ake lanƙwasa ta kamar kifaffen kwami domin ta kama tsakuwa.

Dogo guntu-guntu yake zuwa, sai an haɗa. Ana haɗa baki da baki ne da wasu falle-fallen ƙarfe biyu da ake matse ƙugun dogon da su, a ɗaure da ƙusoshi masu noti. Wani injiniya mai suna William Bridges Adams tare da abokin aikinsa suka yi rajistar wannan dabara a 1847. A kowace mahaɗa akan bar 'yar kafa, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya sha rana, kuma in bai sami wurin miƙewa ba sai ya karkace. Wannan kafa ce ke haifar da ƙarar da fasinja ke ji a kai a kai idan jirgi na tafiya. Daga cikin kamfanonin da suka shahara da yin ƙusa da noti akwai Guest, Keen and Nettlefolds, wanda ya sami wannan suna a 1902. A zamanin baya-bayan nan an koma ɗaure dogo da wani murɗaɗɗen ƙarfe mai tsalle, ƙirar kamfanin Pandrol, wanda wani injiniya ɗan Norway ya ƙago a 1957.

4.3 Kan Jirgi

Kan jirgi na farko mai tururi ne. Ana hura wutar kwal a ƙarƙashin tukunya, ruwa ya tafasa, tururi ya tura fistin, shi kuma ya juya ƙafafu. Da farko daga Birtaniya ake kawo kwal ɗin, kafin a fara haƙo na Inugu a 1915.

Kamfanin Hunslet na garin Leeds, wanda aka kafa a 1864, shi ya ƙera ƙananan kawunan da suka yi aiki a hanyar Wushishi, wato na farko da suka yi gudu a Arewa. Kamfanin North British na Glasgow an kafa shi a 1903 bayan haɗewar kamfanoni uku, kuma ya daɗe yana aiko wa Nijeriya da kawuna. Shi da Vulcan Foundry suka ƙera jerin kawunan da aka raɗa wa sunayen kogunan Nijeriya, waɗanda suka fara isowa a 1948, suka zama ƙashin bayan jigilar gyaɗa daga Kano.

Kamfanin Beyer Peacock na Manchester ya yi fice da wani irin kai da ake kira Garratt, sunan wanda ya ƙago shi. Hikimar wannan kai ita ce an rataya tukunya a tsakanin injuna biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne da ƙafafunsa. Da yake ƙafafun suna da yawa, nauyin da ke kan kowace ƙafa kaɗan ne, saboda haka kai mai ƙarfin gaske yana iya bin dogo marar nauyi ba tare da ya lalata shi ba. Nijeriya ta fara sayen irinsa a shekarun 1930.

A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, kawuna masu amfani da man gas ƙirar English Electric suka fara aiki. Daga nan kasuwa ta buɗe wa wasu ƙasashe: General Motors na Amurka, da Montreal Locomotive Works na Kanada, sannan masana'antun ƙasar Sin a shekarun 1990. Tsofaffin maƙeran tururi kuwa ba su jure wannan sauyi ba. North British ya rufe a 1962, Beyer Peacock ya daina ƙira a 1966.

4.4 Taragai da Birki

Taragan fasinja da na kaya ma suna da nasu maƙeran, irin su Metropolitan-Cammell na Birmingham, wanda aka kafa a 1929, da Gloucester Railway Carriage and Wagon, da Cravens na Sheffield. Akan sami ƙaramin allon ƙarfe a gefen ƙashin tarago mai ɗauke da sunan maƙeri da shekara.

Birkin da tsofaffin jiragen Nijeriya suka yi amfani da shi na zuƙar iska ne, irin wanda kamfanin Gresham and Craven ya shahara da yin kayansa. Bututu ɗaya ne ya ratsa tun daga kai har tarago na ƙarshe. Kan jirgi yana zuƙe iskar da ke cikin bututun, kuma muddin babu iska a ciki, birki a sake yake. Idan direba yana son tsayawa sai ya bar iska ta shiga, birki ya kama. Amfanin wannan tsari shi ne, da tarago zai tsinke a kan hanya, bututun zai yage, iska ta shiga, birki ya kama da kansa a ɓangarorin biyu.

4.5 Kayan Tasha da Gadoji

Tsohuwar hanyar jirgin Nijeriya tilo ce, mai zuwa da mai dawowa duk ita suke bi. Domin kada jirage biyu su yi karo, akan ba direba wata shaida ta ƙarfe, sanda ko faifai ko mabuɗi, wadda ita ce izininsa na shiga tsakanin tasha da tasha. Na'urorin da ke tashoshin biyu a haɗe suke da waya, ta yadda in an zare shaida ɗaya, ba a iya zare wata sai an mayar da ta farko. Edward Tyer ne ya yi rajistar irin wannan na'ura a 1878.

Sauran kayan tasha sun haɗa da sikeli, wanda kamfanonin W. and T. Avery da Henry Pooley suka yi suna a kansa. Da injin ɗaga kaya da faifan juya kan jirgi, irin na Cowans Sheldon da na Ransomes and Rapier. Da tankunan ruwa masu falle-falle ƙirar Braithwaite. Ta fuskar gadoji kuwa, kamfanin Sir William Arrol na Glasgow ne ya gina gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai, aka buɗe ta a 1932.

5.0 Yadda Ake Karanta Tambari

Ba da guduma ake buga babban tambarin dogo ba. Ana sassaƙa haruffan ne a jikin abin murza ƙarfe na ƙarshe, saboda haka duk juyin da ya yi sai ya bar rubutun a tashe a ƙugun dogon tun yana ja wur. Shi ya sa rubutun ke maimaituwa a tsawon dogo, kuma ko guntu aka samu, sau da yawa akan dace da shi. Abin da aka fi samu a ciki shi ne sunan masana'anta, da shekara, da wata, da nauyin yadi ɗaya, wani lokaci har da haruffan farko na sunan mai saye. Akan nuna wata da lambobin Romawa ko da 'yan zane-zane a jere.

A ƙaddara an sami guntun dogo mai ɗauke da kalmar Workington, da lamba 1928, da harafin X, da kuma lamba 60. Fassararsa ita ce an murza shi a Workington a watan Oktoba na 1928, kuma yadinsa ɗaya laba 60 ne. Idan tsatsa ta cinye shekarar, sunan kamfani kaɗai yana iya taimakawa, domin kamfanoni suna haɗewa suna sauya suna a shekarun da aka sani. Dorman Long ya haɗiye Bolckow Vaughan a 1929. Kamfanin Workington Iron and Steel bai samu ba sai 1909. Gwamnatin Birtaniya ta tattara manyan masana'antun ƙarfe ƙarƙashin British Steel a 1967. Haka nan duk abin da ke ɗauke da haruffan NRC ba zai gabaci 1955 ba.

A kan jirgi kuwa, allon tagulla ko na zubin ƙarfe ake mannawa a gefe, mai ɗauke da sunan maƙeri da garinsa da shekara da lambar ƙira. Wannan lamba ita ce mabuɗi, domin kamfanonin sun ajiye rajistar duk kan da suka ƙera da wanda ya saya. Takardun Beyer Peacock suna gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchester, na North British kuwa suna birnin Glasgow.

Sai dai dole mai bincike ya yi hattara da abu uku. Na farko, shekarar da ke jikin dogo ta murzawa ce, ba lalle ta zama ta shimfiɗawa ba. Na biyu, hukumar jirgi ba ta zubar da ƙarfe. Idan an ɗauke tsohon dogo daga babbar hanya akan mayar da shi reshe ko layin ajiye taragai. Kayan hanyar Wushishi, alal misali, su aka kwasa aka kai hanyar Bauci. Saboda haka ana iya samun dogon da ya girmi hanyar da yake kwance a kanta. Na uku, a ma'aikatun gyara na Ebute Metta da Inugu da Zariya akan cire sashe daga wannan kai a ɗaura wa wancan, don haka tukunya da ƙafafun kai ɗaya suna iya zama ba sa'o'in juna ba. Hujjar ƙarfe tana ƙarfafa ne idan an gwama ta da ta takarda da ta baka.

6.0 Ƙarfen Jirgi Inda Jirgi Bai Je Ba

Boɗinga da Shagari garuruwa ne da ke kan hanyar motar da ta fita daga Sakkwato ta yi kudu zuwa Tambuwal da Jega. Ƙasar Boɗinga tana da matsayi a tarihin jihadi, domin a Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Dogo bai taɓa ratsa wannan yanki ba, amma tasirinsa ya iso ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ciniki. Gyaɗa da auduga da fatun jar akuyar Sakkwato, waɗanda masu jima na Turai ke rububinsu, sai sun kai tashar jirgi kafin su ga teku. Da jakuna da raƙuma aka fara kai su Gusau, daga baya manyan motoci suka karɓa. A can ake ɗora su a sikeli, kuma abin da allurar sikeli ta nuna shi ne kuɗin da manomi zai biya haraji da shi.

Hanya ta biyu ita ce ƙira. Kafin zuwan Turawa, maƙeran ƙasar Hausa da tama suke aiki, wadda ake haƙowa a narka ta da gawayi, aiki mai cin itace da kwanaki. Da jirgi ya fara kawo sandunan ƙarfe daga waje, kuma tsofaffin silifu da ƙusoshi da guntayen dogo suka fara shiga kasuwa, sai narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Maƙeri ya ga ƙarfen da aka riga aka tace ya fi sauƙi, ya koma yin garma da kalme da gatari da lauje da shi. Guntun dogo kuwa, saboda ƙwarinsa da faɗin gindinsa, yakan tsaya a matsayin uwar maƙera. A makarantun karkara akan rataye shi a reshen itace ya zama ƙararrawa. Ta haka sana'ar ƙira ta rayu, amma ilimin narkar tama ya tafi tare da masu shi.

Hanya ta uku ita ce harshe. Kalmomi irin su reluwe da tasha da tikiti da tarago da silifa da sigina da lebura duk aro ne daga Ingilishi, an gyara su sun dace da tsarin gaɓar Hausa, wadda ba ta son cunkoson baƙaƙe. Kalmar diga daga sunan abin haƙa ta samo asali, sai ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da aikin da kuma hanyar kanta. Dogo kuwa kalmar Hausa ce tsantsa, siffa ce da ta rikiɗe ta zama suna. Mutumin Shagari da bai taɓa ganin jirgi ba yana cewa tasha, yana nufin inda ake shiga mota.

7.0 Yunƙurin Ƙira a Gida

Abin lura a duk jerin sunayen da suka gabata shi ne babu na gida ko ɗaya. Ma'aikatun hukumar jirgi sun horar da ƙwararrun masu gyara da masu zubin ƙarfe, amma dogo da kai da birki daga waje suke zuwa. An yi yunƙurin sauya wannan hali ta hanyar kafa masana'antun ƙarfe. Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, shi ya aza harsashin masana'antar Ajaokuta a 1980, wadda wani kamfanin Tarayyar Sobiyat ya ɗauki kwangilar ginawa. A zamaninsa kuma aka buɗe masana'antar Aladja a 1982, tare da masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo, waɗanda aka kafa domin yin rodin gini da waya. An sa rai Ajaokuta za ta wadata ƙasa da manyan ƙarafa, har da na hanyar jirgi, amma aikin ya tsaya bai kai ga haka ba.

Da aka zo shimfiɗa sababbin hanyoyi masu faɗin milimita 1,435, sai aka sake komawa waje. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina hanyar Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da ta Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. A 2021 ɗin kuma aka ƙaddamar da aikin hanyar Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Sunayen da ke jikin ƙarfe sun sauya, amma har yanzu na baƙi ne.

8.0 Barazana da Hanyoyin Adanawa

Wannan taska tana ƙarewa. Tun da zirga-zirga ta yi rauni a tsofaffin hanyoyi, ɓarayi suke kwance dogo da silifu suna sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, su kuma su kai masana'antu a narke. Allunan tagulla su ake fara ɓamɓarewa saboda tsadarsu. Kwance dogo laifi ne a doka, kuma yana iya jawo asarar rayuka idan jirgi ya biyo. Baya ga haka, duk guntun da ya shiga wuta ya tafi da rubutunsa har abada. Masana'antun da suka yi su ma yawancinsu babu su. Ko Workington ta daina murza dogo tun 2006.

Akwai masu ƙoƙarin adanawa. An mayar da wani tsohon gidan hukumar jirgi a Ebute Metta, mai suna Jaekel House, ƙaramin gidan tarihi. An sa masa sunan Francis Jaekel ne, tsohon ma'aikacin jirgi da ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Nijeriya cikin juzu'i uku. Takardun zamanin mulkin mallaka kuwa ana samun su a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa, duka a Kaduna, da kuma Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Ɗalibi ma yana da rawar takawa, kuma ba ta bukatar kuɗi. Idan ya ga tsohon ƙarfen jirgi a maƙera ko makaranta ko kasuwa, sai ya nemi izinin mai shi, ya goge tsatsar da burushi, ya shafa alli domin haruffa su fito, ya kwafe su daidai yadda suke ko ya ɗauki hoto. Ya auna tsawo da faɗin gindi, ya rubuta wuri da rana, sannan ya tambayi dattawa yadda ƙarfen ya zo da wanda ya kawo shi. Kada ya ɗauke komai daga wurinsa, kada kuma ya hau hanyar da jirgi ke bi.

9.0 Kammalawa

An ga yadda jirgin ƙasa ya shigo Arewa daga 1901, da yadda kamfanoni daban-daban suka ƙera sassansa, kowanne da fanninsa, da kuma yadda tambarinsu ke bayyana wuri da lokacin ƙira. An kuma ga cewa ƙarfen jirgi ya wuce inda dogo ya tsaya, ya shiga ciniki da ƙira da harshen mutanen Boɗinga da Shagari. Gani ya kori ji. Malamin da ya kai ɗalibansa gindin itacen da aka rataye ƙararrawar makaranta, ya sa su karanta abin da ke ƙugunta, ya koya musu yadda ake kafa hujja a tarihi da abin da suke gani kullum.

Tambayoyi

1. Kawo rassa uku na hanyar jirgi a Arewa tare da shekarun kammala su.
2. Me ya sa aka fi amfani da silifar ƙarfe a ƙasar Hausa?
3. Yi bayanin yadda birkin zuƙar iska ke aiki.
4. Waɗanne abubuwa uku ne mai bincike zai yi hattara da su wajen karanta tambarin ƙarfe?
5. Tattauna tasirin ƙarfen jirgi a kan sana'ar ƙira da kuma harshen Hausa.